Kafin Ki Sauke Gilashin Hular Kwano

Assalamu alaikum, Ummi.

Ina gaishe ki da kyau. Ina roƙon Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya tsare duk hanyar da za ki bi, ya sanya albarka a sabon aikinki. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki, ya sa tsofaffin da za ki riƙa dubawa a gidajensu su ji daɗin hannunki. Amin.

Na san za ki yi mamakin takarda daga wurina, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma yanzu haka ina jin ki kina jan akwati. Kin san halina. Idan na zauna gabanki don in yi magana mai nauyi, sai in ƙare da tambayarki ko kin ci abinci. Sunan mahaifiyata ke gare ki, kuma har yau ban iya kallon idonki in yi miki faɗa ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar Asabar za ki koma Park Hill wurin Gwaggonki Talatu. Mamanki tana cewa ai duk New York ce, amma ni a wurina duk inda sai an tsallaka ruwa kafin a je, nesa ne. Tun da kika sami aikin nan kika roƙe ni in bar miki babur ɗina, saboda gidajen majinyatan a warwatse suke, kuma bas ɗin can ba ya zuwa sai ya ga dama. Na ce miki za mu gani. Kika sake tambaya, na sake cewa za mu gani. Kin kuma san Awudu ɗan Kumasi, abokin aikina, yana son babur ɗin tun da likita ya ce yanar idona ta raba ni da tuƙi, kuma na yi masa alkawarin amsa kafin ki tafi. Amsar tana cikin takardar nan. Amma ki yi haƙuri ki bi ni a hankali, don akwai abin da nake so ki sani game da gilashin hular kwano a lokacin sanyi, kuma ban san wata hanyar koya miki ba sai dai in gaya miki wautar da na tafka da kaina.

Lokacin da na zo ƙasar nan ina ganin babu abin da wani zai koya mini a kan babur. Na daɗe ina acaɓa a Kano, daga Kurna zuwa Sabon Gari, kaina babu komai sai hular zanna. Da na fara aikin kai abinci a Bronx aka ce hular kwano dole ce, sai na sayi mai rufe fuska gaba ɗaya. Sanyin farko da ya same ni, na samo wani dogon mayafin ulu na naɗe wuya da baki da hanci kamar mai rawani, na danna hular a kai, na rufe gilashi ruf. Akwai wasu 'yan ƙofofin iska a haɓar hular, su ma na liƙe su da salatif, don a ganina waɗanda suka ƙera ta ba su san sanyi ba. Ban kai ƙarshen layinmu na Morris Heights ba duniya ta koma fari fat. Na tsaya a danja ana ta danna mini hon, ni kuwa ban san ko ja ce ko kore ba.

A ranar na san Awudu. Ya tsaya gefena a kan nasa babur, ya ƙwanƙwasa gilashina kamar mai sallama a ƙofar gida, ya ce, "Akwai mutum a ciki?" Da na ɗaga ya ga naɗin da na yi, ya yi dariya har babur ɗinsa ya mutu. Ya tambaye ni daga ina, na gaya masa. Ya ce, "Ɗan Kano, dambu kake turarawa a nan ciki?" Har yau idan ya kira ni a waya da wannan tambayar yake farawa.

Shi ya nuna mini cewa ba sanyin waje ne ya rufe mini ido ba, numfashina ne. Hucin mutum da ɗumi yake fita, da laima, gilashin kuma ya yi sanyi, to da sun haɗu sai ya kwanta a kai. Mayafin da na rufe hanci da shi, shi ne yake tura hucin sama kai tsaye. Don haka, Ummi, kada ki rufe hancinki da komai a cikin hula. Ki rufe wuya da haɓa, ki bar ƙofofin nan a buɗe ko da kina jin iska tana cizon leɓenki. Idan kin tsaya a danja ki ɗaga gilashin kaɗan, kamar faɗin ɗan yatsa, don a tsaye ne ya fi yin gumi. Ki koyi sakin numfashi ƙasa, kamar mai hura koko. Hijabin da za ki sa a ciki ya zama marar kauri mai kama kai, babu fil ko allura, kuma ki cusa bakinsa cikin rigar sanyi kada iska ta yi wasa da shi kusa da taya.

Da na gane wannan sai na ɗauka na gama karatu. Ashe saura.

Kin san mamanki da man kaɗanya. Da sanyi ya shigo ba ta barin kowa ya fita sai ya shafa, kuma tana da gaskiya, don ba don shi ba da fatar hannuna ta daɗe da tsagewa. Wata safiya na shafa a fuska da hannu, na fito, na ga ɗan gumi a cikin gilashin, sai na sa yatsu na share. Ya yi fes a idona. Sai da rana ta yi ƙasa, irin ranar sanyi mai tsayawa daidai fuskar mutum, na juyo wani titi ina fuskantar ta, gilashin gaba ɗaya ya zama haske. Ban ga mota ba, ban ga layi ba, maiƙo kawai nake gani yana ƙyalli. Allah ya taimake ni titin babu cunkoso. Na hau gefen titi, miyar wata baiwar Allah ta kife a cikin jaka, na koma na ba ta haƙuri da Turancina na lokacin. Da na gaya wa mamanki sai ta ce ita fuska ta ce a shafa wa, ba ta ce a shafa wa hula ba.

Ki shafa manki, amma ki wanke yatsunki kafin ki taɓa hular, kuma cikin gilashi ba wurin yatsa ba ne ko da wankakke. Wajensa ma yana da nasa sharaɗi. Gishirin da ake barbaɗa wa titi saboda ƙanƙara, manyan motoci suna watso shi da ruwa, ya bushe a gilashi ya yi fari. Ni da tishu nake goge shi a bushe, har na karce gilashina na farko ya zama kamar an bi shi da soson ƙarfe, kowace fitilar mota sai ta tarwatse a idona. Ki jiƙa shi tukuna da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ki ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle mai laushi ki bar shi ya sha, sannan ki share a hankali. Ban da tafasasshen ruwa. Ban da ɗora hula a kan hitar ɗumama ɗaki don ta bushe, na yi, soson cikinta ya lalace. Ki shigo da ita ɗaki kullum, kada ta kwana a kan babur. A hanya kuma ki ba babbar mota tazara, ki bar ta ta yi wa wani wanka. Idan gilashi ya karce ki canza shi, kada ki ce zai ƙara kai ki wata. Baƙin gilashin nan da kike so kuma ki ajiye shi sai bazara, don yanzu kafin ki tashi aiki gari ya fara duhu.

Yanzu zan zo kan ranar da kika sani, ko da yake ba mu taɓa zama mun yi maganarta ba.

Tun ina yaro mahaifina ya hore ni da kada in hau abin hawa ba alwala. Na riƙe wannan a Kano, na riƙe shi a nan, kuma ina fata ke ma ki riƙe. Amma akwai abin da na haɗa da shi wanda ba shi ya ce ba: ba na goge ruwan alwala. Haka na taso na ga manya suna yi, su fito fuska tana ɗiga, iska ta busar. A Kano kafin ka kai bakin titi ka bushe. A nan ma yawanci ina yin alwalar da wuri, in sha shayi, in sa takalmi, ruwan ya tafi da kansa, shi ya sa ban taɓa lura ba.

Ran nan kuwa sauri muke yi. Kina da jarrabawa a makarantar koyon jinya, jirgin ƙasa ya tsaya, kika zo kika ce in kai ki. Sanyin ranar irin wanda yake sa hanci ya manne ne. Na yi alwala a gurguje, gemuna sharkaf, gashin kaina da laima, na danna hula. Muna hawa na sauke gilashi, na fara addu'ar hawa da ƙarfi kamar yadda na saba, na bi ta da salati, ina ta hura wa gilashin ɗumi. Muna hawa gadar da ke tsallaka kogin Harlem iskar ruwa ta buge mu. Gumin da ya kwanta a ciki bai tsaya gumi ba, daskarewa ya yi. Na sa hannun hagu in ɗaga gilashin, safar hannuna mai kauri ta kasa kama bakinsa, gefensa kuma ya manne. Iska ta ture mu, dole na mayar da hannu kan kan babur. Ina jin ƙarar babbar mota a hagu, ban san nisanta ba. Ummi, ban taɓa gaya miki ba, amma a lokacin na yi niyyar taka birki da ƙarfi, kuma da na taka, da motar bayanmu ta hau mu.

Sai na ji kin matso kin manna hularki a tawa. Ke da kullum in na yi miki Hausa kike amsa mini da Turanci, ran nan da Hausa kika yi magana, muryarki ko rawa ba ta yi. Kika ce, "Baba, kar ka taka birki. Sassauta kawai. Miƙe, ina gani." Na sassauta. Kika ce, "Dama babu kowa. Bi dama kaɗan. Kaɗan. Haka." Ina bin maganarki kamar makaho da ɗan jagora, har na ji hannunki ya zagayo ta gefen wuyana, kika sa babban yatsa a ƙarƙashin gilashin kika ɓalle shi sama. Iska ta mare ni, hawaye suka zubo, na ga titi. Muna daidai layinmu, ba mu kauce ba.

Da muka sauka daga gadar na tsaya a gefe. Na juyo in ga ko kina kuka. Sai na ga kin ciro ƙyalle daga jakarki kina miƙo mini, kika ce in goge gemuna mu tafi, za ki makara. Na kalli gilashinki, fes yake, kin bar shi a ɗage kaɗan tun daga gida, yadda kika ji ina gaya wa wasu. Kika shiga jarrabawar nan kika ci. Ni kuwa na zauna a wani shagon shayi ina jiran fitowarki.

Bayan sallar Juma'a na tsayar da limaminmu na tambaye shi ko laifi ne mutum ya goge ruwan alwala. Ya dube ni ya ce babu laifi, alwalata tana nan daram, kuma wa ya ce mini Allah yana son in tuƙa babur a makance? Dattawan da ke wurin suka yi ta dariya, wani ya ce a saya wa Malam Sani tawul sadaka. Na ji kunya, amma na ji sanyi a raina.

To ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai a takardar nan. Ki yi alwalarki, sannan ki goge fuskarki sosai, ki tabbata gaban gashinki da bakin hijabinki sun bushe kafin hula ta hau. Ki yi addu'arki gilashi a ɗage, ki gama, ki shafa, sannan ki sauke. Idan kina son zikiri a hanya ki yi shi a zuci, ana ji. Kafin ki tashi ki gwada ɗaga gilashin da safar hannun da za ki tuƙa da ita, idan ba ta kama ba ki canza safa. Idan kuma duk da haka ya rufe miki a hanya, kin riga kin san abin yi, ke kika koya mini: ban da birki da ƙarfi, a sassauta, a nemi gefe.

Ban manta da abin da kika yi bayan nan ba. Kika je kika nemo wani siririn gilashi da ake maƙalawa a cikin na hular, kika zauna a kicin kika sa mini shi, kika yi mini bayani cewa iskar da ke tsakanin su biyun ita take hana gumi kwanciya. Ni da na yi shekara da shekaru ina shafa ɗigon sabulun wanke-wanke ina gogewa, ina alfahari da dabarata, na ce miki kayan yara ne. Kika ci gaba da aikinki. Tun daga ranar ban sake ganin gumi a tsakiyar gilashina ba, kuma ban ce miki na gode ba. Na gode, Ummi. Ki sa irinsa a taki hular, kuma kin fi ni sanin cewa shi ba a sa masa sabulu, ba a kuma murza shi.

Kika je makarantar tuƙi ba tare da na tura ki ba, kika samo lasisinki. Da bazara na ba ki makulli, ina tsaye a taga ina kallon yadda kike duba taya da fitila kafin ki hau, yadda kike waiwayawa kafin ki fita layi, abin da ni sai da na faɗi na koya. Matan gidanmu na bene suka yi ta magana, wai 'yar Malam Sani a kan babur kamar namiji. Da Hajiyar hawa na uku ta rasa mai karɓo mata magani, ke kika je, kuma tun ranar ta koma cewa 'yarmu mai babur. Amma da sanyi ya fara shigowa sai na karɓe makullin na sa a aljihu, ban ba ki dalili ba, ke kuma ba ki tambaya ba. Na ga fuskarki ranar. Wannan ma kuskurena ne, kuma shi ne mafi kusa.

Shekaranjiya ina zaune ina jujjuya makullin, mamanki tana tsince shinkafa. Na ce mata gara in ba Awudu in huta, sanyin garin nan ba na mace a kan babur ba ne, ta tuna abin da ya faru a gada. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, ran nan a gadar, wa ya ga hanya, kai ko ita?" Na ce ba wannan ake magana ba. Ta ce to wanne ake yi? Na tashi na shiga ɗaki, na daɗe a zaune. Abin da na gane shi ne, duk lokacin da na tuna gadar nan tsorona nake tunawa, sai in ɗora miki shi. Na manta cewa a kan babur ɗin nan mutum biyu ne, kuma ɗaya bai ruɗe ba.

Ba zan ce miki na daina jin tsoro ba. Duk ranar da na ga sama ta yi fari zan tsaya a taga. Shi ya sa nake roƙonki abu ɗaya, kuma wannan ba shawara ba ce, umarnin uba ne: ranar da dusar ƙanƙara ta kwanta a titi, ko aka ce ruwan daren jiya ya daskare, ki bar babur a gida ki bi bas, ko da zai sa ki makara. Gilashi mai haske ba ya hana taya zamewa. Ki kira majinyacinki ki ba shi haƙuri. Tsoho ya fi son ki zo a makare da a ce masa ba za ki zo ba.

Jiya na kira Awudu na gaya masa ya nemi wani babur. Ya ce dama ya san dambun bai dahu ba. Ya ce in gaya miki idan kin ji birki yana ƙara ki kawo masa, kada ki kawo wa Ɗan Kano.

Makullin yana aljihun dama na rigar sanyina, wadda ke rataye a bayan ƙofa. Ki ɗauka, naki ne. Na yi miki izini da zuciya ɗaya, kuma na sa miki albarka.

Saura roƙo ɗaya. An ce ranar Asabar titi zai bushe. Akwatunanki su bi motar da Gwaggonki za ta turo. Ke ki tuƙa babur ɗinki, ni zan zauna a baya har Park Hill, in dawo a jirgin ruwa. Akwai babbar gadar nan mai iska a hanya, kuma ina so in tsallaka ta ina bayanki. Ba zan ce miki bi dama ko bi hagu ba, na yi alkawari. Tawul ɗina ma na riga na rataye shi kusa da buta.

Allah ya haskaka miki gabanki, ya tsare bayanki da gefenki. Allah ya kare ki daga santsin titi da gaggawar direba, ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mini. Ki gaida Gwaggonki, ki kuma riƙa kiran mamanki, don ita ba za ta ce tana kewarki ba.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Sani